Tsohuwar Fijon da Ta Ƙi Tashi

Wata rana da hantsi wani mutum ya zo ya zauna a bencin rumfata.

Ga wanda bai san ni ba, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin layin 'yan kayan mota, nan Ƙofar Ruwa. Shekarata talatin da ɗaya a wurin. Boko ban yi ba, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata. Amma kunnena ya sha maganar ƙarfe har na san sunan abin da ban taɓa riƙewa ba.

Mutumin zai yi hamsin da ɗoriya. Farar shadda, takalmi mai kyau, agogo mai nauyi. Gaban rigar kuwa duk baƙin mai.

Na zuba masa. Ya yi loma biyu ya ture kwanon.

Ni ba a bar mini abinci a kwano. Duk layin an sani.

Na ce, "Ɗan nan, in ba ka jin yunwa me ya zaunar da kai? Ka cinye, ko in juye maka a leda ka kai wa mai buƙata."

Ya ce, "Yi haƙuri, Iya. Ba ya wucewa ne."

Sai ya tambaye ni ko na san wani Malam Namadi.

Namadi tsoho ne, shagonsa na kallon rumfata. Shi kaɗai ya rage a layinmu mai ajiye kayan motocin da aka daina yayi. 'Yan kasuwa na ce wa shagon nasa Gidan Makama.

Na ɗaga murya na ce, "Namadi, fito, an zo kallon kayan tarihi."

Ya fito yana jan ƙafa, ya ce, "Uwar tuwo, ai ke ce babban kayan tarihin layin nan. Ke ko samfurinki an daina yi."

Mutumin bai yi dariya ba. Ya buɗe leda ya zazzage ƙarafa uku a kan bencina.

Abin da suke kira distiributa ne, wato kan nan mai rarraba wa filogi wuta. In babu shi mota ba ta tashi, ko da za a tura ta daga nan har Agadas.

Ya ce mako biyu ke nan yana zarya tsakanin Kano da Gumel. Ya sayi na farko, ya kai, ya yi tsawo. Ya dawo ya sayi na biyu, ƙafarsa ta ƙi zama. Na uku ya shiga ramin amma ya ƙi juyawa.

Namadi ya ce, "Wace mota ce, Alhaji?"

"Fijo 404."

Namadi ya tura hularsa baya. "Ikon Allah. Akwai saura ashe. To ina samfur?"

Bari in gaya muku, ku da ba 'yan kasuwa ba. A layinmu ba a sayen kayan tsohuwar mota da baki. Wanda ya lalace kake kwancewa ka zo da shi a hannu, a ɗora shi kusa da wanda za ka saya, a auna da ido, a auna da yatsa. Shi ake kira samfur. Wanda ya zo babu samfur, caca ya zo yi.

Mutumin ya ce, "Babu."

"Sacewa aka yi?"

"A'a. Ni na bayar."

Nan ya ba mu labari, idonsa a ƙasa.

Motar ta mahaifinsa ce. Shekara arba'in tsohon yana ɗaukar fasinja da ita daga Gumel zuwa Kano. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya biya wa 'ya'yansa makaranta, har wannan da ke zaune a bencina ya zama babba a wani ofis a Abuja.

Da idon tsohon ya fara rauni, 'ya'yan suka taru suka hana shi tuƙi. Bai yi musu ba. Ya ajiye ta a tsakar gida, daidai tagar ɗakinsa. Sai ya kwance distiributan don kada wani ya tayar masa da ita, ya shafe shi da mai, ya naɗe a tsumma, ya sa a buhu tare da sauran ƙarafansa.

Shekara bakwai da suka wuce ɗan ya biya wa uban kujerar Makka. Ya ce kafin ya dawo zai gyara masa gida, ya zo ya tarar da abin mamaki. Aka yi fenti, aka sa tayil, aka sauya ƙofofi.

Masu aiki suka tambaya, wannan buhun ƙarafan fa?

Ya ce tarkace ne, a ba 'yan gwangwan.

Tsoho ya dawo daga Makka, ya zaga gidan, ya sa albarka. Sannan ya tambayi buhunsa.

Da aka gaya masa bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "To ka nemo mini wani, in riƙa tayar da ita da safe ko ba zan fita ba."

Ɗan ya ce, sai na dawo.

Ya dawo da Sallah, uban ya tuna masa. Sai na dawo.

A shekara ta uku ya gaji da maganar, ya sayo wa uban sabuwar mota mai sanyi, har da direba. Tsohon ya leƙa cikinta sau ɗaya, ya ce Allah ya yi albarka, bai taɓa shiga ba.

Namadi ya katse shi. "Wannan duk mai sauƙi ne, Alhaji. Wanda ya kwance kaya shi ya san irinsa. Je ka tambayi Baba, zai gaya maka da ka."

Mutumin ya ce, "Wata huɗu ke nan bakinsa ya mutu."



Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun hagu kaɗai ke motsi. A hannun nan yake riƙe da makullin motar, ba ya saki ko ana yi masa wanka. In ɗan ya shigo gaishe shi, sai ya ɗaga makullin ya murɗa a iska, ya nuna taga.

Abin da yake so ke nan. Ya ji ta tashi sau ɗaya kafin ya tafi.

Mutumin ya ciro waya zai nuna hoton injin. Namadi ya ce, "Mayar da abarka. Hoto ba ya auna rami."

Washegari Namadi ya rufe shago ya bi shi Gumel. Ban taɓa ganin ya rufe shago ba sai ranar da ya binne matarsa.

Kwana ɗaya suka yi. Da suka dawo, a bencina suka zauna, don haka komai a kunnena aka yi shi.

Namadi ya ce injin da ke cikin motar ba nata ba ne na asali. Tsohon ya sauya shi tun da daɗewa, ya yi wa mazaunin distiributa aikin hannu, ya gurje wancan distiributan da kansa har ya zauna. Guda ɗaya ne a duniya. Shi aka ba 'yan gwangwan.

Ya ce ya shiga ɗakin ya durƙusa, ya ce, "Direba, wane iri ka sa mata?"

Tsohon ya gane tambayar sarai. Idonsa ya kawo haske. Ya buɗe baki yana ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi.

Yawu ne kawai ya zubo.

Namadi ya ce shi da ya ga gawa ba adadi, bai iya tsayawa a ɗakin nan ba.

Sannan ya faɗi abin da za a iya yi. A sauke injin a kawo Kano. Zai nemi wanda ya fi kusa da shiga, ya kai wa mai gurzar ƙarfe, a rage kaɗan a gwada, a rage kaɗan a gwada, har ya zauna. Aikin kamar mako uku.

Mutumin ya ce, "Malam, likita ya ce ko mako ɗaya ba zai yi mini alkawari ba."

Namadi ya ce, "Rai na Allah ne. Ƙarfe kuma ba a yi masa gaggawa."

Akwai wani Tanimu, mai shagon filogi da wayoyi, yana gefe yana cin abincinsa. Magidanci ne mai 'ya'ya shida, ba mugu ba ne, sai dai kansa cike yake da dabara, irin dabarar da ba ta da albarka.

Ya matso ya ce, "Yallaɓai, me zai sa ka wahalar da kanka? Ina da wani mai a-kori-kura, tsohuwar Fijo ce ita ma, itace yake ɗauka da ita. A kai ta bayan katanga daidai tagar, a tayar. Baba yana kwance, ba gani zai yi ba. Fijo ai Fijo ce."

Namadi ya ce, "Kai Tanimu, ci abincinka."

"Allah Malam, taimako nake. Tsoho mai shanyewar jiki ina zai bambance?"

"Jikinsa ne ya shanye. Wa ya ce maka kunnensa ya shanye?"

Na dubi mutumin. Na ga maganar Tanimu ta shige shi. Fuskarsa ta saki irin sakin wanda aka nuna wa ƙofar baya.

Na ajiye ludayi.

Na ce, "Ɗan nan, ka zubar masa da kayansa. Ka ja shi shekara bakwai. Yanzu kuma ƙarya za ka yi masa guzuri?"

Ya ce, "Iya, so nake ya ji daɗi ko sau ɗaya."

Na ce, "Shi kake so ya ji daɗi, ko kai kake so ka huta?"



Ya tashi, ya karɓi lambar mai a-kori-kura a wurin Tanimu, ya tafi.

Kwana tara ba mu gan shi ba. Ashe mai itacen yana can dajin da yake lodi, sai da aka jira shi ya fito.

Rana ta goma wata motar kaya ta tsaya a ƙofar Namadi. Aka sauke inji, baƙi ƙirin, da saƙar gizo-gizo a jikinsa. Mutumin ya fito daga gaba. Ya rame har shaddar ta yi masa yawa.

Ban tambaye shi ba. Shi ya zo ya zauna ya faɗa.

Bayan la'asar suka yi abin. Suka kai a-kori-kurar bayan katanga. Ƙanwarsa, wadda ke jinyar uban, ta tayar da tsohon ta jingina shi da matashi. Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Baba, an samu. An gyara. Kawo makullin."

Tsohon ya buɗe hannu.

Wata huɗu ba wanda ya iya raba shi da makullin nan. Ranar da kansa ya miƙa.

Ɗan ya fita da shi, ya leƙa ta kan katanga ya yi wa mai itace alama. Inji ya tashi.

Ƙanwar ta ce tsohon ya lumshe ido, ya karkatar da kai wajen taga. Ɓarin fuskarsa mai rai ya fara murmushi.

Bai kai numfashi uku ba.

Murmushin ya tsaya. Ya ƙara saurara. Sannan ya buɗe ido ya zuba wa ƙofa.

Ɗan ya shigo yana fara'a, yana cewa, "Baba, ka ji ta?"

Uban ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa.

Ɗan ya miƙa masa makullin. Tsohon ya dunƙule hannu.

Da hannun nan guda ya kama bakin katifa, ya ja jikinsa da kyar, ya juya fuska ga bango.

Tun ranar, in ƙanwar ta kawo kunu yana sha. In ɗan ya yi sallama, sai ya rufe ido har ya fita.

Mutumin ya ce, "Iya, ki yi mini faɗa."

Na ce, "Faɗan da zan yi na riga na yi. Je ka wurin Namadi."

Namadi ya kama aiki a ranar. Na ga tsohon nan yana ɗingishi zuwa wurin mai gurzar ƙarfe ya dawo, ya gwada, ya girgiza kai, ya koma. Wata rana sau huɗu. Abincinsa ma a gindin injin nake kai masa, kuma shi kaɗai na ƙyale ya bar mini saura a kwano.

Tanimu ya daina zuwa rumfata. Ban kore shi ba. Ban kuma neme shi ba.

Kullum da safe mutumin zai bugo wa Namadi waya daga Gumel. Kullum amsa ɗaya: saura kaɗan.

Kwana goma sha tara aikin ya ci.

Mahaifin mutumin ya rasu a na goma sha shida, ranar Alhamis da walaha, fuskarsa na bango.

Lissafi ban iya da yawa ba, amma wannan na iya. Da ranar da Namadi ya ce a kawo injin aka kawo, da an gama, an kai Gumel, an ɗaura, tsoho na da sauran kwanaki a duniya. Kwanakin da aka ɓata wajen shirya ƙarya su ne kwanakin da gaskiya ta rasa.

Na san ajali ba ya jira. Na san abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Amma ba Allah ne ya kira mai itace ba.

Namadi bai bar aikin ba don an yi rasuwa. Ya ce ya fara, sai ya ga ƙarshensa.

Bayan sadakar bakwai mutumin ya zo.

Muka yi masa gaisuwa. Ya amsa kamar ba da shi ake ba.

Namadi ya sa aka jawo injin bakin shago, aka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi, yadda ake gwada inji a ƙasa. Ya haɗa batir, ya tsoma tiyo a galan ɗin fetur. Ya yi bisimilla ya haɗa waya da waya.

Karon farko injin ya yi tari ya mutu.

Karo na biyu ya kama.

Hayaƙi ya turnuƙe layin, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin bencina. 'Yan kasuwa suka fito daga shaguna. Waɗanda ke ce wa wurin Gidan Makama suka tsaya da hannu a ƙugu. Inji ya daidaita, yana bugawa a hankali kamar mai dakan da ba ta gaji ba.

Mutumin ya matsa kusa. Ya sunkuya. Ya karkatar da kai.

Ya ɗago ya ce, "Malam, haka take yi?"

Namadi ya ce, "Ni dai na san ta tashi, Alhaji. Ko muryarta ce, kai za ka faɗa. Kai ka girma a cikinta."

Ya sake sunkuyawa. Ya rufe ido. Mun daɗe muna jiransa.

Sannan ya juyo wurina, ban san dalilin da ya sa ni ba.

Ya ce, "Iya, ban sani ba."

Ya ci gaba.

"A cikinta aka kai ni makaranta. A cikinta aka kai ni asibiti da na karye. A cikinta aka kawo mini amarya. Kullum da asuba ita ke tashe ni. Wallahi ban san yadda take yi ba. Ban taɓa saurara ba."

Namadi ya miƙa hannu ya zare wayar batir.

Inji ya mutu.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa ita ce ko ba ita ba ce, kuma kwanansa tara a ƙasa.

Mutumin ya sallami Namadi, ya yi godiya, ya ce zai aiko a ɗauka.

Wata biyar ke nan. Injin yana nan a lungun shagon, an rufe shi da buhu. Namadi ya buga waya sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Gangar jikin motar kuma tana can Gumel a gindin tagar da ba kowa a bayanta.

Sunan mutumin ma ban tambaya ba. A layinmu Mai Fijo ake ce masa.

Ba na jin zai dawo.

Darasi:

Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da tsohonka ya roƙe ka, shi za ka ba shi. Ba wanda ya fi tsada ba, ba wanda kai ka ga ya fi dacewa ba. Mutumin nan ya kai ubansa Makka, ya gyara masa gida, ya saya masa mota. Duk garin suna cewa ɗan albarka. Ƙarfen da bai fi tafin hannu ba uban ya roƙa, shi ne bai samu ba.

Kuma kada ka yi wa tsoho ƙarya don ka ga ya kwanta. Ya san ka tun ba ka san kanka ba. Zai gane, ba zai iya faɗa ba, da ita zai tafi. Wannan ba ta da gyara. Sadaka za ka yi, addu'a za ka yi, amma fuskar da ta juya ga bango ta juya ke nan.

Ba ta'aziyya nake nema ba, ba kuma yabo ba. Mai tsoho a gida ya tura wa 'yan'uwansa wannan, ya fara da wanda ya fi nisa kuma ya fi aiko da kaya. In ka tura, ajiye wayar ka shiga ɗakin, ka tambaye shi abin da yake so tun bakinsa na iya faɗa.